Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Jiya da la'asar na je duba ɗan maƙwabcina a asibiti, har yanzu raina bai huce ba. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, unguwar masana'antu ta Kano. Sati uku da suka wuce inji ya matse masa yatsu biyu. Me ya yi? Ya yagi ƙyalle ya naɗe, ya ƙarasa aikinsa, da yamma ya biya kemis aka shafa masa jan magani. Bai faɗa wa shugaban sashensu ba, bai faɗa wa mahaifinsa ba, har sai da hannun ya fara wari. Yanzu an cire yatsa ɗaya. Da aka je wa manaja da maganar, sai ya buɗe littafi ya ce shi bai ga inda aka rubuta wani ya ji ciwo ranar ba.

Na ce da shi, Ɗana, me ya hana ka magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tsoro na ji kar a sallame ni, kuma ai ƙaddara ce."

Haba samari! Wannan shirun naku shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja, amma wanda ya koya mana ita shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka ɓoye ciwo don kar a kore ka, to ranar da hannun ya kasa ɗaga buhu wa zai riƙe ka? Lebura ya faɗo daga kan katako a wurin gini, ya tashi ya karkaɗe wando yana dariya wai kar a ce shi rago ne. Mai walda, tartsatsi ya shiga idonsa, a ɗiga masa ruwan gishiri a koma aiki. Wani kuma, ƙusa mai tsatsa ta soke shi, ko allurar tetanus bai nema ba.

Direbobin kamfani kuwa nasu ya fi ban haushi. Ka yi karo a hanya, maimakon ka kira ofis ko 'yan Road Safety a lambar waya 122, sai ka lallaɓa wurin fanabita da daddare a buga a shafe da fenti. Yaron motarka da ya bugu a ƙirji ka ba shi dubu biyu ka ce ya rufa maka asiri. Jinin da ke zuba a ciki fenti yake rufe shi? Su kuma masu taruwa a wurin hatsari, kowa waya a sama yana ɗaukar bidiyo don TikTok, babu mai tallafar kan wanda ke kwance. Wannan ma wata masifar ce.

Abin takaicin, doka ta ba ku haƙƙi kuna wofintar da shi da kanku. Tun 2010 Najeriya ke da dokar biyan diyya ga ma'aikata, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da asusun, kuma kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba daga aljihunka ba. Amma an gindaya sharaɗi: ka sanar da mai aikinka cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Har hatsarin da ya same ka tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. To ɗan maƙwabcina ya yi kwana 21 bakinsa gum. Na sani akwai iyayen gida marasa tsoron Allah, masu ɗaukar yara a lebura shekara da shekaru babu takarda, nasu na nan tafe. Amma shirunka su yake yi wa daɗi. Ko ba komai ka faɗa a gaban shaidu, ka sa a rubuta.

Da can, lokacin da masaƙu ke ci a Bompai ta Kano da Kakuri ta Kaduna, in aka busa tashi sai ka ga kekuna sun cika titi, kuma ma'aikaci ya san ƙungiyarsa. Dattijon da ke kusa da injinka in ya ga jini, shi zai ja hannunka har ofis yana yi maka faɗa a hanya. Yaron nan ya ce mini mutum huɗu ne suka ga lokacin da injin ya kama shi. Ɗaya daga cikinsu ma shi ya taya shi ɗaure ƙyallen.