Bishiyar da ta ƙi kaucewa

Ƙanena ne ya jawo mini. Tun da ya fara hawan keken tsauni hira ta lalace a gidanmu: ko maganar aure ake yi, sai ya san yadda ya karkato da ita zuwa taya mai inci 29. Ranar da na gaji na ce masa keke ai keke ne, ni da nake sakin hannu tun yana rarrafe, sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Haka ne Yaya. To ranar Asabar mu shiga daji ka ɗan koya mini."

Keken wani abokinsa ya aro mini. Tayoyi masu kauri duk ƙuraje, shokozoba gaba da baya, amma ba ƙararrawa, ba madubi, ba wajen ɗaura kaya. Na matsa tayar na ji ta yi laushi, na ce a miƙo famfo. Ya ce a'a, da gangan ake rage mata iska don ta rungumi dutse da saiwa, in ta yi tauri tsalle za ta riƙa yi da mutum. Wai ma babu tiyub a cikinta, wani farin ruwa ne mai danƙo da ke toshe huji da kansa in ƙaya ta soke ta. Na ce to Allah ya ba masu faci wata sana'ar.

A bakin dajin akwai allo, an raba hanyoyi da launi: kore na masu koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na waɗanda suka bar wasiyya. Ya nuna mini kore. Daidai lokacin wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta shige koren a guje, babanta na binta a baya. Na ce ja za mu bi. Da ƙyar muka sasanta a kan shuɗi.

Farkon tafiyar ba laifi. Siririyar hanya ta bi gefen gonaki, ta tsallaka wata 'yar gadar katako, ta shige inuwar itatuwa. Iska mai sanyi, kukan tsuntsaye, har na fara fito. Sai hanya ta ɗaga kai sama.

A nan na nemi giya mai sauƙi. Na danna wani abu a dama, feda ta ƙara nauyi. Na ce to sauƙin yana hagu, na danna wani ɗan maɓalli da babban yatsa. Sirdi ya nutse da ni, suuu, har gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Ashe na sauke sirdi ne, ana yin haka in za a gangara don mutum ya samu wajen ja da baya. Na miƙe tsaye a kan feda don in ga abin da ya lalace, yatsana yana kan maɓallin ban sani ba, sirdin ya dawo sama da ƙarfinsa. Inda ya same ni ba wajen faɗa ba ne a cikin jama'a. Sauran hawan dai ni da keken muka yi shi kafaɗa da kafaɗa, ina tura shi, ina ce wa masu wuce ni ina duba yanayin ƙasa ne.

A saman tudun na zube a gindin wani kututture ina neman numfashi, shi kuwa ya ga ya samu ɗalibin da ba zai iya gudu ba. Ya ce ai wannan wasa a Kalifoniya ta Amurka ya samo asali, a shekarun 1970, inda wasu samari na yankin Marin, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, suke gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu nauyi. A 1976 suka fara wata tsere a kan gangara mai tsananin da maikon birki ke ƙonewa, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Zuwa 1996 har wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Na ce duk na ji, amma akwai wanda ya rubuta adadin waɗanda suka karye? Ya ce in sha ruwa.

Kafin mu gangara ya yi mini huɗuba. In tashi daga sirdi, in sassauta gwiwa da gwiwar hannu, yatsa ɗaya tak a kan birki domin na mai ne, kama shi kaɗan ya isa. Sannan ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, don Allah kada ka kalli abin da kake tsoro. Inda ido ya je, nan keke yake zuwa. Kalli hanya."

Kwana biyun farko na sha su lafiya, har na yi ihu. Saiwoyi na wucewa a ƙarƙashina, shokozoba na haɗiye su. Daga nan hanya ta miƙe, gudu ya ƙaru, sai ga ta can gaba inda hanya ta karya hagu: bishiya guda, mai kauri, da wani tabo a jikinta daidai tsayin kan keke, alamar ba ni ne baƙonta na farko ba. Fili ne fetal a gefenta, mota ma za ta wuce. Na ce wa kaina kada ka kalle ta. To ta yaya mutum zai san abin da ba zai kalla ba in bai kalle shi ba? Na zuba mata ido, ita ma ta zuba mini, keken kuwa ya nufe ta kamar jakin da ya hango gida.

Na damƙi birkin dama da yatsu huɗu. A keken da na saba da shi, dama birkin baya ne. Wannan kuwa an ɗaura shi irin na Ingila, inda dama ke riƙe tayar gaba, saɓanin Amurka da yawancin Turai. Babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini wannan a cikin duk tarihin da aka karanta mini a saman tudu. Tayar gaba ta tsaya cak. Keken ya bi umarni, ni ne dai na ci gaba da tafiya. Na ga sama, na ga ƙasa, na ga tayar baya ta leƙo ta saman kaina, sannan na sauka a cikin wani kwatami mai laka a gefen bishiyar. Ko ɓawonta ban taɓa ba, a rubuta wannan.

Ina kwance ina lissafin gaɓoɓina sai na ji ƙarar birkin ƙanena, ya jefar da kekensa ya taho da gudu yana salati. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ɗan'uwa rabin jiki. Ya tsallake ni ya ɗaga keken aro, ya juya tayar gaba, ya kanne ido ɗaya yana duba ko ta karkace. Sai da ya tabbatar lafiyarta ƙalau ya waiwayo ya ce, "Yaya, ba ka ji ciwo ba ko?"

Wani dattijo da ke kora shanunsa ta gefen shinge ya tsaya ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallona, laka na ɗiga daga hular kwanona. Ya ce, "Sannu samari. Wani abu ne ya koro ku?" Na ce a'a Baba, motsa jiki muke yi. Ya gyaɗa kai ya ce lallai ya ga jiki ya motsa. Shanun ma sai da suka gama kallo suka wuce.

Da dare ina kwance rub da ciki, matata na shafa mini magani tana danne dariya, saƙon ƙanena ya shigo. Ashe tun da safe ya kunna mini manhajar Strava a wayata, mai auna gudu da nisan tafiya, ya kuma bi taswirar daki-daki. Wai gudu mafi tsanani da na yi a ranar an auna shi ne a 'yan takun ƙarshe kafin kwatamin, kuma a iya lissafinsa a lokacin ba na kan keke. Yana tambaya ko ya tura wa abokansa, domin a cikinsu babu wanda ya taɓa kai wannan gudun a kan shuɗi.