Ƙofar Asibiti da Baƙon da Ba Shi da Takarda

Duk wanda ya taso a Kano ya san wani gida da ke da ɗa ko 'ya a Saudiyya ba tare da iƙama ba, kuma ya san yadda hankalin iyaye ke tashi idan aka bugo waya cewa ba shi da lafiya, domin mai ɓoye wa hukuma yana ganin zuwa asibiti tamkar miƙa kansa ne a kama a koro shi gida. Sai ya yi ta haɗiyar maganin da abokin ɗaki ya samo masa har ciwo ya ci ƙarfinsa.

A Turai ma, inda ake yawan maganar haƙƙin ɗan Adam, abin bai sauya zani ba. A Jamus, tun daga 2024 mai neman mafaka kan jira wata 36 kafin ya samu cikakkiyar kulawa, kuma a tsawon wannan lokaci doka ta fi ba da ƙarfi ga ciwon gaggawa da raɗaɗi da haihuwa, alhali hawan jini da ciwon suga a hankali suke cin mutum. A Ingila kuwa, wanda ba shi da izinin zama ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin jinyar asibiti. Sifaniya ta rufe wa irin waɗannan mutane ƙofa a 2012, sannan ta sake buɗe ta a 2018, kuma ina ganin ta yi daidai da ta gyara.

Amma ba na so mu tsaya ga laifin wasu. A layinmu akwai wani Buzu mai gadi da ya yi watanni yana tari, yana naɗe bakinsa da rawani, kullum sai ya ƙirga 'yan canjinsa ya nufi kemis. Da na ce masa, "Malam, mu je a yanka maka kati," sai ya ce yana tsoron a tambaye shi takarda. Wataƙila babu mai tambayarsa, to amma wa ya taɓa gaya masa haka?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, sai dai dokar inshorar lafiya ta 2022 'yan ƙasa da baƙi masu izinin zama ta ambata. Tsakanin dokokin nan biyu ne mai gadinmu ya faɗa. Kanon da ta ga yadda mashaƙo ya bi gida-gida yana ɗaukar yara a 2023 ba ta buƙatar a tuna mata cewa tarin da aka ɓoye a bakin ƙofa yana iya shiga cikin gida.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta fito ƙarara ta sanar a gidajen rediyo, da Hausa da harsunan baƙinmu, cewa ba a tambayar takardar zama a wurin yankar kati, sannan ta bi ta hannun masu unguwanni da limamai, waɗanda su ne suka san inda waɗannan bayin Allah suke kwana.