Parasite da tsohuwar da ke tura kwali a layinmu

Wani abokin karatuna ɗan Koriya ne ya sosa min rai makon jiya, muna cin abinci ya ce wai mu a Najeriya muna da fim ɗin da ke sukar son abin duniya irin Parasite kuwa, ko duk soyayya ce da rawa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Ga wanda bai kalla ba, fim ɗin Bong Joon-ho ne na 2019, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, a 2020 ya kwashe Oscar 4 har da ta gwarzon fim, karon farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya ci ta. Wasu talakawa ne da ke zaune a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, banjiha suke ce masa, suka lallaɓa ɗaya bayan ɗaya suka samu aiki a gidan attajiri, shi kuma maigidan ba abin da ya dame shi da direbansa sai wari, wai irin na masu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ɗakunan nan da gaske akwai su a Seoul, kullum ina wuce su, taga daidai idon sawunka da ƙarafuna a jiki, in ka sunkuya kana hango shanya da tukunyar shinkafa ta lantarki. A Agustan 2022 ruwa ya cika wani a unguwar Sillim, mutum 3 'yan gida ɗaya suka rasu a ciki.

Na yarda Kannywood na da nata, Alhaji da gidan bene da jibgegiyar mota kamar dole, a yi wa'azin minti biyu a tashi. Amma uban da ya raba 'yarsa da talakan da take so ya ba mai kuɗi auren ya watse, in ba sukar kwaɗayi ba ce mece ce?

Su da suka iya fim ɗin me ya canza? Matakalar da aka ɗauki fim ɗin yanzu masu yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hoto. A layinmu nan Seoul akwai wata tsohuwa duk ta ranƙwafa, da asuba cikin sanyin da ke daskarar da ruwa take tura kura cike da kwali ta kai a auna mata a kilo, matasa na wuce ta da kofi a hannu ko sannu babu. Kusan kashi 40 cikin 100 na tsofaffin ƙasar nan talakawa ne a lissafin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibi suka ci gaba. Eh muna da mabarata a Najeriya, ban musa ba, amma a unguwarmu ta gida ɗan da ya bar mahaifiyarsa haka ko gaisuwarsa ba za a amsa ba.

Ni nan kuɗin tallafin karatu na shigowa sai na cire na Hajiya kafin haya. Abin da ke cina shi ne kuɗin kawai nake iya turawa, ƙanina ke kai ta asibiti yana karɓo mata maganin hawan jini, ni sai kiran bidiyo a WhatsApp, shi ma da tazarar awa 8 tsakaninmu, in ta idar da isha'i ni nan asuba ta kusa, yawanci sai ranar Asabar muke samun magana sosai.