Ruwan ba ya bin igiya ya tafi

Na ji daɗin wannan rahoto kan yadda igiyar ruwa ke kwaso tarkacen roba zuwa gaɓar teku, amma inda kuka ce igiya tana tura ruwan gaba ɗungurungum, akwai gyara. A jefa rufaffiyar kwalba a teku mai zurfi a zuba mata ido: za ta hau, ta matsa gaba, ta sauko, ta koma baya. Da'ira take yi. Ruwan da ke ƙarƙashin kwalbar ma haka, sai dai da'irar tana ƙanƙancewa da zurfi. In mutum ya nutse rabin tazarar da ke tsakanin tudun igiya biyu, motsin bai kai kashi 5 cikin 100 na wanda ke sama ba. Lissafin da George Airy, wani masanin lissafi, ya yi a shekarun 1840 ya nuna haka.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da George Stokes, shi ma masanin lissafi, ya yi wa wannan lissafi a 1847. Da'irar ba ta rufewa cif, don ruwan ya fi sauri a sama yana gaba fiye da a ƙasa yana dawowa. Wannan ɗan rarar, kaɗan-kaɗan, shi ke taya iska jan robar. Kusa da gaɓa kuwa da'irar bajewa take kamar ƙwai, can ƙasa sai kai-komo kawai, yana yi wa yashi layi-layi.