Hannun yayata ma haka ya fara

Na gode da wannan labari kan ciwon da ke matse jijiyoyi tsakanin wuya da kafaɗa. Kun ce ana yawan ɗaukarsa ciwon wuya, wallahi haka ne. Yayata a nan Tahoua shekara biyu tana fama. Tallar fura take yi, ƙwarya a ka, hannu ɗaya a sama yana tallafe da ita. Kafin ta kai kasuwa ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun mutu, kamar ana tsira mata allura. An ce sanyi ne, an ce sukari, har kaho an yi mata.

Da muka je Yamai ne wani likita ya sa ta ɗaga hannuwa biyu, gwiwar hannu a lanƙwashe, tana buɗe tafi tana dunƙulewa, ya ce a kai minti 3. Ko minti ɗaya ba ta cika ba hannun dama ya yi nauyi ya sauko. Ya yi mana bayani cewa jijiyoyin hannu da na jini suna ratsa wata ƴar ƙofa tsakanin naman wuya, haƙarƙarin farko da ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa ƙirji. Hoton ƙashi ya nuna tana da ƙarin haƙarƙari a gindin wuya, da shi aka haife ta.

Ba a yi mata aiki ba. Motsa kafaɗa aka koya mata, ƙwaryar kuma yanzu a kura take turawa. Alhamdulillahi, tana samun barci da dare.