Filifin ta kori Chavacano daga aji, ta ƙyale inda cutar take

Tun watan Oktoban 2024 doka mai lamba 12027 ta soke wajabcin koyar da yaran Filifin da harshen uwa daga ajin share fage zuwa aji uku, aka koma Turanci da Filipino. Shugaba Marcos ko hannu bai sa ba, wa'adi ne ya cika ta zama doka. A birnin Zamboanga, Chavacano, harshen nan da ya ɗebo yawancin kalmominsa daga Sifaniyanci, yanzu ya zama ɗan rakiya a aji, alhali yana cikin harsuna 12 da aka fara shirin koyarwa da harshen uwa da su a 2012.

Masu murna da dokar suna yawan jawo jarrabawar PISA ta 2018, mai auna ɗalibai a ƙasashen duniya, wadda Filifin ta zo ta ƙarshe a iya karatu. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yaran da suka zauna jarrabawar 'yan shekara 15 ne, sun bar aji ɗaya tun kafin 2012, kuma da Turanci aka yi musu ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka manta da malami. A duba ɗalibin da ke karatun koyarwa a Zamboanga. Da Chavacano yake hira a gida da kasuwa, amma kusan duk darussansa da Turanci ne, haka jarrabawar samun lasisin koyarwa. Ranar da ya kama aiki sai a ce ya koyar da lissafi da harshen da ba a taɓa horar da shi ya rubuta shi a allo ba, ga littattafai babu, ga ajin cike da 'ya'yan ƙabilun Tausug da Sama da Yakan da masu jin harshen Cebuano. In ya ƙosa, sai a ce ai malamai ma ba sa so. Wa ya cusa masa cewa harshensa na hira ne kawai? Makarantar da ta yaye shi ce.

Binciken cibiyar PIDS ta gwamnati a 2019 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na makarantun da aka duba ne suka cika sharuɗɗan shirin, wato tsara ƙa'idar rubutu da nahawu da ƙamus da littattafan yara. Shirin da ba a aiwatar ba ta yaya za a yanke masa hukuncin gazawa? Wannan zalunci ne ga yara, kuma ragwanci ne irin na hukuma.

Uzurin cewa aji ɗaya na tara harsuna da yawa, matsalar tsari ce da horo ke magancewa. A fara daga kwalejojin malamai: kowane ɗalibi ya yi gwajin koyarwa da Chavacano ko Tausug kafin a ba shi lasisi. Najeriya ma, da ministan ilimi Tunji Alausa ya soke irin wannan manufa a Nuwamban 2025, ba ta fara tanadar malamai da littattafai ba kafin ta ɗora wa harshen uwa laifi.