Yaudarar da Ke Cikin Tallan Siririn Marufin Haƙori

Raina ya ɓaci matuƙa da yadda wasu asibitocin haƙori suke tallata siririn marufin nan na zamani, wanda ake liƙawa a fuskar haƙoran gaba domin su yi fari su kuma daidaita, tamkar abu ne da ya dace da bakin kowa. Ana gaya wa mutum cewa ba za a kankare masa haƙori ba, ba zai ji zafi ba, kuma duk ranar da ya gaji yana iya sa a cire masa ya koma yadda Allah ya halicce shi. Rabin maganar ne gaskiya, sauran rabin kuwa sai an karɓi kuɗin mutum an sallame shi sannan yake gano shi a cikin bakinsa.

Marufin tangaran ba sabon abu ba ne. A shekarar 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya, Charles Pincus, ya fara ƙera wa 'yan wasan fim irinsa na wucin gadi, amma bai zama abin dogaro ba sai bayan da wani likitan haƙori mai bincike, Michael Buonocore, ya nuna a 1955 cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori, wato sashensa na waje mai tauri, ruwan asid, yana yin kaushin da zai riƙe abin liƙi da ƙarfi. Marufin da aka saba da shi yana da kaurin milimita 0.5 zuwa 0.7, saboda haka dole likita ya kankare kimanin rabin milimita daga ɓawon haƙori domin ya samar masa wurin zama, kuma wannan ɓawo ba ya sake tsirowa har abada. Siririn kuwa bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba. Ba na musun amfaninsa ga wanda haƙoransa ƙanana ne, ko suke da giɓi a tsakani, ko suka ɗan koma ciki, domin abin liƙi ya fi kama ɓawon waje fiye da sashe mai laushi da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya tunzura ni shi ne yadda ake ɗora shi a kan haƙoran da ba su dace da shi ba, alhali likitan ya san haka tun kallon farko. Tangaran mai sirantaka irin wannan haske yana ratsa shi, don haka ba ya iya ɓoye haƙorin da ya yi duhu sosai, kamar wanda maganin tetarasaikilin ya ɓata tun yarinta ko wanda jijiyarsa ta mutu. Idan aka so a tilasta masa ɓoyewa, sai a sa shi ya yi fari fat kamar alli, ya rasa ƙyallin haƙori na gaskiya, har mai kallo daga nesa ya gane cewa ba na asali ba ne. Sannan duk abin da aka ɗora ba tare da an rage komai ba, ƙari ne a kan kaurin haƙori. Wanda haƙoransa dama sun ɗan turo gaba sai su ƙara turowa, ya riƙa jin leɓensa yana gugar su. Mafi muni, gefen marufin yana barin ɗan tudu a bakin dasashi, inda datti da ƙwayoyin cuta suke taruwa, buroshi bai kai musu sosai ba, zaren sakace yana maƙalewa. A bakina na ga sakamakon wannan bayan an saka mini marufin: dasashi ya kumbura, ya yi ja, yana zubar da jini a duk lokacin wanke baki, kuma da na koma wurin likitan na yi magana sai aka ce ni ne ba na tsabtace bakina yadda ya kamata. Wannan amsa ta fi ciwon kansa ƙona mini rai, domin babu wanda ya ambaci wannan haɗari kafin a fara aikin.

Batun cewa ana iya cirewa a koma yadda ake shi ne yaudara mafi girma. Abin liƙin an yi shi ne domin ya riƙe shekara da shekaru, saboda haka ba a ɓare marufin da hannu, sai dai a goge shi da inji ko a yi amfani da hasken leza, kuma da wuya a gama ba a taɓa ɓawon da tun farko aka shafa wa asid ba. Haka kuma sau da yawa akan ɗan kankare haƙorin ko da an yi alƙawarin ba za a taɓa shi ba. Mutumin da yake tauna haƙoransa cikin barci yana iya fasa ko wane irin marufi, amma wasu likitocin ba sa ko tambayar wannan.

Masu yin marufin da aka saba ma ba su tsira daga zargi ba, domin akwai waɗanda suke fiƙe lafiyayyun haƙora su mayar da su 'yan tsinkaye, su bar mutum da zogi idan ya sha ruwan sanyi. Kuma ko wanne aka zaɓa, yawanci bayan shekara 10 zuwa 15 za a buƙaci sabuntawa.

Ina kira ga hukumomin da ke kula da aikin likitocin haƙori da su hana tallan da ke cewa ana iya cire marufin ba tare da wata illa ba, su kuma wajabta wa likita ya duba lafiyar dasashi da yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa, ya gwada wa majiyyaci samfuri na wucin gadi a bakinsa, sannan ya ba shi a rubuce yawan ɓawon da za a kankare kafin a kunna inji.